Mil Arba'in da Biyar

Bernadine Kowalke ta zo da safiyar Talata,
ƙanƙara na zuba a kan Duluth da tafkinta.
Ta dire makullin Buick a kan teburina
ta ce, "Toivo, motar nan sanyi take ji."
Na ce wa ba ya ji a garin nan?
Ko murmushi ba ta yi ba.

Muka bi titin bakin ruwa,
ni a sitiyari, ita a gefe, jaka bisa cinya.
Mil talatin, lafiya lau.
Arba'in, inji na numfashi kamar mai barci.
Arba'in da biyar, a ɗan hawan nan na bayan gada,
sai ga ta:
kar-kar-kar daga ƙarƙashin kujera,
kai ka ce tsakuwa muka hau, alhali kwalta sumul.
Kofinta ya yi rawa a mazauninsa.
"Ka ji ko?"
Na ji.

Na bar ƙafar dama a kan totur yadda take,
na shafi birki da ta hagu, shafa kawai,
iya abin da zai kunna jar fitilar baya.
Rawa ta ɗauke ɗif.
Na janye ƙafa, na ƙirga uku. Ta dawo.

"Me ka yi mata?"
Na ce cikin kwanbata fanka biyu ne
suna fuskantar juna a cikin mai, ba sa taɓawa,
ɗaya ta juya, mai ya tura ɗayar.
In tafiya ta miƙe sai kuloci ya kama
su koma abu guda.
Daidai wurin kamun take karkarwa,
birki kuwa ce musu yake yi ku saki juna.

Ta daɗe tana kallon ruwa.
"Shekara arba'in da ɗaya," ta ce.
Ban tambaye ta shekarun me ba.

A gareji na zaro sandar awo.
Man ya bar jansa, ya koma ruwan ƙasa,
amma babu ƙauri. Sau biyu na sansana.
Kellan, yaron da ke koyo a hannuna,
har ya fara lissafi a bayan takarda:
sauke giyabos, sabuwar kwanbata,
dala dubu da ɗari huɗu.
Na ce ajiye biro. Sauri ya haifi nawa.

Gwajin birki rabin magana yake faɗa.
In filogi ɗaya na tuntuɓe,
mai kan shanye tuntuɓen ya rufa masa asiri,
sai kuloci ya kama, asiri ya tonu,
a ɗora wa giya laifin inji.
Na taɓa sauke giyabos mai lafiya a kan haka,
mai motar har yau ba ya amsa gaisuwata.

Muka kashe fitilu, bonet a buɗe, inji na aiki.
Na yayyafa ruwa bisa wayoyin filogi.
Duhu. Warin fetur. Ƙafafunmu sun daskare.
Can wajen silinda ta huɗu
wani ɗan shuɗin tartsatsi ya yi tsalle,
ƙyas, ƙyas,
daga tsagar roba zuwa ƙarfe.
Kellan ya saki kalmar da uwarsa ba za ta so ji ba.

Da na kunna fitila na ga rubutu a cikin bonet,
farin fenti, hannun Harlan, mijinta:
wayoyi, watan tara, da shekarar.
Sha uku ke nan. Shi kansa huɗu da tafiya.

Waya shida, filogi shida,
na sauya man giya tunda ya gaji.
Dala ɗari biyu da saba'in.

Ita ta ja mu a gwajin yamma.
Hawan bayan gada ya zo, allura ta hau arba'in da biyar,
na ji kuloci ya kama, lumus, kamar an rufe littafi.
Ba komai. Kofi na zaune.

Ta roƙi tsofaffin wayoyin, na ƙulle mata a leda.
Da ta miƙo hannu ta karɓa
na ga yatsunta na yin tasu rawar.
Na riƙe mata ƙofa, na ce ta bi a hankali,
gishiri bai kai titin Lakeside ba tukuna.